Nibaldo da Zakanyar da Ta Daina Gudu

Kawuna Nibaldo Oyarzo bai taɓa gaya wa kowa yawan zakunan da ya kashe ba. Idan aka matsa masa da tambaya a wurin gashin rago, sai ya ce, "Je ka tambayi karnukan, su suka yi makaranta," ya ci gaba da yankar namansa. Abokinsa Rosamel ya ce sun haura saba'in. Ni dai abin da na sani, lokacin da mahaifiyata ta rasu aka kawo ni hannunsa ina 'yar shekara shida, a kan fatar zaki aka shimfiɗe ni.

Zakinmu na nan Patagoniya ba shi da geza, kuma ba ya ruri. Launin busasshiyar ciyawa gare shi, kana iya wucewa ta gefensa ka ɗauka dutse ne. Baƙi suna ce masa puma. Mu zaki muke cewa, tun kakanni.

Kawu ya baro tsibirin Chiloé yana ɗan shekara goma sha shida, ya zo askin tumaki na wata uku, bai koma ba. A gonar tumakin da ya sauka aka gane yana da ido. Zai durƙusa a kan tsakuwa, inda kai ba ka ga komai ba, ya ce, "Mace ce, ta ƙoshi, tana ɗingisa ƙafar baya." Daga nan mai gona ya karɓe almakashin hannunsa, ya ba shi doki, bindiga da karnuka shida. Duk zakin da ya taɓa tumaki, Nibaldo ake kira. Ya auri Inna Edita, mai dafa wa ma'aikata abinci. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ni. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma idan ya saki guda ɗaya sai ka yini kana dariya ko kana jin haushi.

Sai gwamnati ta hana kashe zaki. Ta kuma yanki rabin filin ta haɗa da gandun daji, aka ja shingen waya daga bakin tafki har gindin dutse. Nan na zakuna da gwanako, dabbar nan mai dogon wuya da suke ci, can kuma na tumaki. Kawu ya ce tsarin ya yi kyau, saura a samu wanda zai je ya karanta wa zakunan takardar. Ya rataye bindigarsa, ya koma gyaran shinge. Karnukan suka tsufa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bai sake wasu ba. Inna Edita ta rasu. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin katakonsa da ke jikin shingen, daga shi sai doki da murhu.

A lokacin ni na girma, ina tuƙa ƙaramar bas daga garin Natales zuwa ƙofar gandu, ina kai 'yan yawon buɗe ido. Wata rana na ɗauko wani Bature mai ɗaukar hoto da ya yi sati uku yana yawo a daji bai ga ko wutsiyar zaki ba, yana ta ƙorafi har ya ishe ni. Na ce masa ina da kawu. Ni na kai shi da hannuna. Wannan ba na ɓoye shi, duk wanda ya tambaye ni yadda abin ya faro, haka nake gaya masa.

Kawu ya dubi mutumin daga sama har ƙasa, ya ce mini, "Minia, shi wannan me zai yi da zakin in ya gan shi?"

"Hoto kawai, Kawu."

"Hoto? Ba fata ba, ba nama ba?" Ya girgiza kai. "Duniya ta zo ƙarshe. Ce masa ya cire wannan jar rigar, ko makahon gwanako zai gan shi."

Kafin azahar ya nuna masa zaki biyu. Daga nesa ne, kuma suna jin warin mutum suka ɓace, don zakunan lokacin sun san abin da mutum yake. Amma Baturen har da hawaye. Ya koma ƙasarsu ya ba da labari, wasu suka fara zuwa.

A shekara ta biyu da fara wannan aiki ya haɗu da Mocha. Budurwar zakanya ce, ba ta daɗe da rabuwa da uwarta ba, ƙarshen wutsiyarta a gutsure, shi ya sa ya sa mata wannan suna, wato guntuwa. Sauran zakuna da sun hango shi sai su bi iska. Ita kuwa ta gudu kaɗan, ta tsaya a kan wani falalen dutse, ta waiwayo. Kawu ya ce a ransa a take ya san wannan za ta iya zama.

Shekara biyu ya yi yana lallashinta. Kullum da sassafe zai ɗaure doki a nesa, ya taka, ya zauna inda za ta gan shi. Ba ya ɓuya, ba ya kallon idonta, bai taɓa jefa mata ko ƙashi ba. Zai fito da ƙoƙonsa na mate, shayin ganyen da muke sha a nan, da tulun ruwan zafi, ya riƙa sha yana magana a hankali, labarin shinge, labarin ciwon gwiwarsa, labarin Inna Edita. Yau taku ɗari uku tsakaninsu, bayan wata guda ɗari biyu da hamsin. Ran da ta yi hamma ta juya masa baya ta yi barci, ya hau doki ya zo har bakin titi ya tare bas ɗina don kawai ya gaya mini.

"Ta yi barci, Minia. A gabana. Har da minshari."

"Kawu, fasinja ke gare ni."

"Su jira. Ni shekara biyu na jira."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun rasuwar Inna.

Da ta haihu karon farko, ta ɓoye 'ya'yan wata biyu, sannan wata rana ta fito da su, ta zube su a kan dutse kusa da shi, ta tafi farauta ta bar su suna kokawa da juna. Ya zauna wurin har yamma, ƙafarsa ta sage, don tsoron kada ya motsa su firgita. Daga baya ya fara kawo baƙi, biyu ko uku, ba ya wuce haka. Yana da dokokinsa: ba gudu, ba ihu, ba tsayawa tsakaninta da abin da take kallo, kuma inda ya ja layi da sandarsa nan ne iyaka. Wanda ya tsallake, ko waye, a ranar zai koma gari.

Hotunan Mocha suka zaga duniya. Na gan ta a bangon otal, a jikin riga, a jikin kofin shayi. Aka kwalta hanyar da a da sai mun yi awa huɗu muna girgiza a kanta. Kamfanonin yawo suka buɗe a Natales kamar ana shuka su, kowa da motarsa da oba-obarsa, kowa ya yi wa baƙinsa alkawarin zaki. Yawancin sababbin masu jagorar ba su iya bin sawu ba, amma sun iya bin Kawu. Duk inda suka hango dokinsa a ɗaure, sai ka ji oba-oba ta ɗauka, "Tsoho yana kwarin tafki, tsoho yana kwarin tafki." Kafin rabin awa motoci goma sun jeru. Ɗaya daga cikinsu tawa ce.

Ba mugaye ba ne, ina so a san wannan. Yawancinsu 'ya'yan maƙwabta ne, da aikin suke ciyar da gida, kuma suna son Mocha tsakani da Allah. Baƙin ma haka, wasu sun yi shekaru suna tanadi don wannan rana ɗaya. Amma mutum arba'in ba sa yin shiru irin na mutum uku. Wani zai yi tari. Wani zai matsa gefe don ya samu haske. Wani zai saki ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, ya riƙa ƙugi a sama kamar zuma. Mocha ba ta damu da su ba, ta riga ta saba. Gwanako ne ba su saba ba.

Da idona na ga ta yi awa biyu tana jan ciki a cikin ciyawa, saura kaɗan ta kai ga garke, sai wata mata ta miƙe tsaye don ta gyara ƙafar kyamararta. Babban namijin garken ya yi kuka, gaba ɗaya suka watse. Mocha ta ɗaga kai, ta bi su da kallo, ta kwanta a inda take. Mutane suka yi ta ɗauka, suna cewa dubi yadda ta yi kyau. Kawu ya tashi. Ya zubar da sauran ruwan zafinsa a ƙasa, ya hau doki.

A shekarar tana da 'ya'ya biyu, haihuwarta ta huɗu. Sau uku ta sauya musu kogo, sau uku aka gano. Garkunan gwanako suka ƙaurace wa kwarin, suka haye can sama inda wani ƙaton namijin zaki yake, wanda zai kashe 'ya'yan in ta kai su. Haƙarƙarinta ya fara fitowa. A ɗaya gefen shingen kuwa watan Oktoba ya kama, tumaki dubu uku suna haihuwa.

Mai kula da tumakin wannan ɓangaren shi ne Rosamel Vidal, abokin Kawu tun suna samari, tare suka yi askin farko. Ranar wata Lahadi na kai wa Kawu gari da man girki, sai ga Rosamel a kan doki, karyarsa Tunina tana biye. Ya sauka, ya zauna a bakin murhu, ya karɓi ƙoƙon mate ya zuƙa sau biyu kafin ya yi magana.

"Ɗan tsibiri, kyanwarka ta shigo mini gida."

"Wace kyanwa? Kai dai ido ya tafi, kana ganin dila ka ce zaki."

"Dila mai guntuwar wutsiya? 'Yan raguna tara cikin kwana huɗu. Kuma da rana tsaka, Nibaldo. Jiya na same ta a kan ɗaya, na yi ihu har muryata ta dushe, ta dube ni kamar na zo karɓar sadaka."

Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara itacen murhu.

"Ni ba mai gona ba ne," in ji Rosamel. "Bawan tumaki ne kamar yadda kake a da. In suka ƙare, ni za a sallama, kuma a shekaruna wa zai ɗauke ni? Ka san ba na son taɓa ta. Ka yi mata magana, tunda an ce tana jin yarenka."

"Ba ni sati biyu."

"Na ba ka. Amma ka ƙara ganye a shayin nan, wannan wankin kwano ne."

Washegari Kawu ya je ofishin gandu, ya samu shugabar masu gadi, wata mata mai suna Jimena, wadda take girmama shi ƙwarai. Ya roƙe ta a rufe kwarin tafki wata guda, ko gwanako za su dawo. Ta rufe, ta kafa allo. Amma masu gadinta shida ne a filin da doki zai yi kwana uku bai ƙure ba, kuma kwarin ana hango shi daga babban titi, wanda ba ta da ikon rufewa. Motoci suka koma tsayawa a gefen titi, mutane suna tsallakawa da ƙafa. Ni na daina tsayawa a wurin. Baƙina suka kai ƙarata, aka ba wani direban layin, aka mayar da ni ɗauko mutane daga filin jirgi.

Sai Kawu ya yanke shawarar abin da ya fi masa wuya. Ya ce in sayo masa nokawut irin na bikin sabuwar shekara, ya ce kuma in zo in riƙe masa doki, don dokin ba ya son ƙara.

Mun sami Mocha da hantsi a jikin shingen, tana kwance a gefen gandu, tana kallon tumaki ta cikin waya. Kawu ya sauka. Ya taka sosai, ba irin takunsa na kullum ba, yana buga ƙafa, yana kaɗa hula.

"Tashi! Tashi, 'yar banza! Bar nan!"

Ta juyo da kai, ta ɗaga kunne.

Ya kunna nokawut ya jefa. Ya fashe kusa da ita, ta zabura, ta yi tsalle gefe. Na ce a raina shi ke nan. Sai ta tsaya bayan taku goma, ta shinshina hayaƙin, ta dube shi, ta zauna. Ya jefa na biyu, na uku. Ta ƙara matsawa kaɗan, ta sake zama. Ya durƙusa ya ɗebi duwatsu. Na farko ya wuce ta. Na biyu ya same ta a kafaɗa, har na ji sautinsa. Ta lashi wurin, ta sake dubansa. Ba ta yi gurnani ba, ba ta nuna haƙori ba. Kallonsa kawai take, irin kallon da ka yi wa wanda ka sani in ya fara abin da ba halinsa ba.

"Gudu mana!" Muryarsa ta fashe. "Mutum ne ni! Ba ki gani ba? Mutum ne!"

Ya yi ta jifa har hannunsa ya gaji. Daga ƙarshe ta miƙe a hankali, ta bi gefen dutse ta tafi, ba sauri, tana waiwaye. Kawu ya zauna daɓas a ƙasa. Na zo da dokin na tsaya a kansa. Tafin hannunsa duk ya fashe da jini.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana wannan. Ya aro karnuka daga wata gona, ta hau dutse ta kwanta tana kallonsu suna haushi har suka gaji. Ya ɗaure gwangwanaye a jikin waya. Ya ƙara layi biyu a saman shingen, ta tsallake kamar ba komai. Abin da ya gina cikin shekara biyu, kuma dubban mutane suka yi shekara bakwai suna ƙara masa ƙarfi, ba zai rushe cikin sati biyu ba.

Ranar Alhamis ce, ina wurinsa don na kawo masa maganin hannu. Wajen ƙarfe goma na safe muka ga Rosamel tafe, yana jan dokinsa da ƙafa. An ɗora wani abu a kan sirdi an rufe da bargo. Na ɗauka Mocha ce, sai da ya matso na ga ƙafafun baƙaƙe ne ƙanana. Tunina ce, karyarsa.

Bai shigo ba. Ya tsaya a ƙofa, ya cire hula.

"Nibaldo, na kashe Mocha. Na ce gara ka ji daga bakina."

Kawu yana riƙe da butar ruwan zafi. Ya ajiye ta a kan murhu a hankali.

"Cikin garken masu haihuwa na same ta," in ji Rosamel. "Na harba sama sau biyu, Allah ne shaidata. Ko gezau. Tunina ta afka mata kafin in kira ta, mari ɗaya ta yi mata. Na matso har ina ganin ƙudan da ke fuskarta. Ta zauna tana kallona, Nibaldo. Shekara hamsin ina wannan daji, ban taɓa harbin zakin da yake zaune yana kallona ba." Ya matse hular da ke hannunsa. "Da ta gudu, na rantse da na ƙyale ta."

"Na sani."

"Ka ce wani abu mana. Zage ni."

"Tana ina?"

"Bayan rijiyar dabbobi. Na rufe ta da reshe saboda ungulaye."

Kawu ya ɗauki shebur. Ya dubi bargon da ke kan sirdi, ya ce, "Mu fara da taka, ita ce a kusa." Su biyu suka haƙa wa karyar rami a bayan ɗakin, suna karɓa-karɓa. Sannan suka hau zuwa rijiyar. Ban bi su ba.

Da yamma Jimena ta zo da littafinta, don labari ya riga ya kai ofis, kuma kashe zaki laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Ta zauna, ta ƙi karɓar shayi.

"Baba Nibaldo, dole in rubuta suna. Wa ya yi?"

"Rubuta Nibaldo Oyarzo."

"Baba, kowa ya san ko harsashi ba ka da shi."

"Kin tambaye ni wanda ya kashe ta, na gaya miki. In kuma wanda ya ja kunamar bindiga kike nema, wannan ban gani ba, ina nan ina dafa ruwa."

Ta daɗe tana kallon takardar. Abin da ta rubuta ban sani ba, amma ba a kira kowa kotu ba.

Saura 'ya'yan. Watansu biyar, ba su iya kama ko zomo ba. Kawu ya bazama nemansu, shi da masu gadi biyu, daga baya shi kaɗai. Sawun ya yi wuyar bi, don takalman mutane sun tattake ko'ina a kwarin. A rana ta shida ungulaye suka nuna masa gawar macen, a bakin wata ƙorama. A rana ta tara ya samu namijin a cikin bututun ruwa da ke ƙarƙashin sabon titi, ya rame har kansa ya fi jikinsa girma. Bai gudu ba shi ma. Kawu ya cire rigar sanyinsa ya naɗe shi, ya kawo shi ofis a ƙirjinsa. Likitan dabbobi ya ce zai rayu, amma ba zai koma daji ba, don ba wanda zai koya masa farauta. Aka sa shi a keji aka tura shi wani gidan namun daji can arewa.

Kawu bai sake kai kowa ganin zaki ba. Kamfanoni sun zo har ƙofa suna roƙo, wani ya ce zai sa sunansa a jikin mota. Ya ce su gaishe da gida. Da sanyi ya shigo ya ba Rosamel dokinsa, ya tattara kayansa cikin buhu biyu, ya dawo wurina a Natales. Na gyara masa ɗakin baya. Yana zama a bakin taga yana saƙa ragamar doki da fata, in ya gama ya ba duk wanda ya fara shigowa. Ba ya zuwa tsakiyar gari, don babu shagon da ba hotonta a ciki. Masu jagora kuwa sun samu wasu zakunan, jikokin Mocha da 'ya'yanta na farko, waɗanda su ma ba sa gudu. Aikin bai tsaya ko na rana ɗaya ba.

Bayan shekara biyu, wata rana muna cin abinci, ya ce, "Minia, wannan gidan namun dajin, yana da nisa?"

Kwana huɗu muka yi a jirgin ruwa, sannan yini guda a bas. Tun zuwansa yana saurayi bai taɓa yin arewa ba. Zafi ya dame shi, ya ƙi cire hularsa ta ulu. Muka shiga tare da iyalai masu ɗauke da alewa da balan-balan. Wurin yana da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. An yi wa zakin fili mai ciyawa da kututture da ɗan tafki, an kewaye da gilashi. Ya zama ƙato, gashinsa yana sheƙi. Sun sa masa wani suna da na manta.

Yana tafiya ne a jikin gilashin, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juyo, ya koma. Ƙafarsa ta cinye ciyawar wurin har ta yi hanya. Kawu ya tsaya ya dafa sandarsa. Ya yi magana a hankali, irin muryar da yake yi a kwarin tafki, ban ji abin da ya ce ba. Zakin ya wuce ta gabansa, ya kai kusurwa, ya juyo, ya sake wucewa. Bai ɗaga kai ba.

Wata ma'aikaciya ta ga tsoho ya daɗe a tsaye, ta zo da fara'arta ta fara yi masa bayani, cewa wannan maraya ne daga kudu, an ceto shi, kuma irinsu suna da matuƙar tsoron mutane, da wuya a gan su a daji. Kawu ya saurare ta har ta gama.

"Na gode, 'yata," ya ce. "Yana ci sosai?"

"Sosai, Baba. Kullum sai ya cinye."

"To, madalla."

Muka fito. Ko minti ashirin ba mu yi ba, bayan tafiyar kwana biyar. Na ce mu nemi abinci, ya ce in ci, shi zai jira ni a tasha.

A jirgin dawowa ya kamu da tari, kuma bai rabu da shi ba. Ya rasu a watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyinmu na nan, yana da shekara saba'in da huɗu, da safe, ina haɗa masa ruwan wanka. Masu jagora sun cika cocin, har da waɗanda ya taɓa kora daga kwari, wasu suna kuka da gaske. Rosamel ya iso a makare, don dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gona, sai a motar ɗaukar ulu ya samu wuri. Ya tarar an riga an rufe kabarin. Ya tsaya a kansa cikin sanyin nan, hula a hannu, har kowa ya watse. Na ce ya zo gida ya kwana, ya ce a'a, ya bar tumaki ba kowa. Na raka shi bakin hanya, muka tsaya tare har motar ulun ta dawo ta ɗauke shi.